Gidaje Shida: Yadda Gwanin Dara Ke Hango Tarko

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san Darki ko da bai taɓa sauka ba. In ka haye gadar Wudil ka miƙe, ranar Alhamis cunkoson 'yan kasuwa ne zai gaya maka ka iso. Abin da matafiyi ba ya gani ta tagar mota shi ne abin da ake yi a gindin bishiyoyi idan rani ya shigo, an gama kai amfanin gona gida, an yi la'asar. Mutum biyu ne a zaune a ƙasa, ƙananan ramuka a tsakaninsu, 'yan kallo sun yi musu rumfa da kawuna. Dara ke nan, kamar yadda ake buga ta a garuruwa da ƙauyukan ƙasar Hausa. A cikin duk abin da gwanin dara ya iya, wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda yake gane tarko tun ana tara kayan ɗana shi.

Ba darar nan mai ramuka 12 da ake bi ana zuba ƙwaya nake nufi ba, 'yar'uwar ayo ta Yarbawa. Wannan ta jeri ce. Ana tona ramuka layi 5, kowane layi gida 6, gida 30 ke nan. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, ɗaya ya ɗauki guntayen kara, ɗaya tsakuwa, don kada a rikice. Da farko ana dasa 'ya'yan ne, ka sa ɗaya in sa ɗaya, kuma a wannan lokaci ba a yarda kowa ya jera uku ba. In an gama dasawa sai a shiga tafiya. Ɗa yana taka gida ɗaya tak, gaba ko baya, hagu ko dama, ba ya tsallake kowa, ba ya ratsawa ta kusurwa. Wanda ya jera uku cif, a tsaye ko a kwance, ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu an cinye shi, don biyu ba sa jera uku.

Babu sa'a a wannan wasa. Ba kati a kife, ba ƙwayar ludo, ba abin da wani ya dunƙule a tafin hannu. Komai a fili yake, a gaban idon mai wasa da na 'yan kallo, har da yaron da ya tsaya da tiren gyaɗa. Duk da haka mutum mai hankali, mai ido biyu, yana zurmawa cikin ramin da aka haƙa a gabansa yana kallo.

Lissafi kaɗan zai nuna inda maganar take. 'Ya'ya 24 a gida 30, saura gida 6 babu kowa. Duk abin da zai faru a farkon tafiya, ta cikin gidajen nan shida zai bi, don ba a shiga gidan da ke da mai shi. Saboda haka dasawar nan da ɗan koyo yake ɗauka share fage ce, yana jefa 'ya'ya yana hira, ita ce ainihin gardamar: waɗanne gidaje shida ne za su rage, kuma 'ya'yan wa ke bakin ƙofarsu? Ɗan koyo 'ya'yansa yake kallo, yana jin daɗin ya jera biyu nan, biyu can. Gwani kuwa ramukan da ba kowa yake kallo. Kowane ɗaya sai ya yi masa tambaya uku a zuci. Wa zai iya shiga nan da taku ɗaya? In ya shiga, uku za ta cika? Kuma wane gida zai bari a buɗe a bayansa? Tambaya ta ukun ce ke raba gwani da wanda ya iya kawai, domin kowane taku a dara yana toshe gida ɗaya ya buɗe wani, kuma yawancin mutane wanda aka toshe kaɗai suke gani.

Gidajen ma ba daraja ɗaya suke da ita ba. In ka ƙidaya duk hanyoyin da za a iya jera uku a filin nan za ka samu 38, guda 20 a kwance, 18 a tsaye. Gidan kusurwa biyu kacal daga cikinsu ke ratsa shi, kuma maƙwabta biyu gare shi. Gidaje biyun da ke tsakiyar layi na uku kuwa, kowannensu jeri shida ke bi ta kansa, ƙofofinsa huɗu. Dattijon da ya kai shekara hamsin yana buga dara mai yiwuwa bai taɓa zama ya ƙirga wannan ba, amma ka duba inda hannunsa ke zuwa da ɗan farko, ka kuma duba yadda ransa ke ɓaci in an tura shi gefe.

Babban tarkon da kowa ke tsoro shi ne wanda a wurare da yawa ake kira doki. 'Ya'ya biyar ke haɗa shi. A ce a layin bakin fili kana da kara biyu a jere daga kusurwa, a layin da ke ƙarƙashinsa ma biyu, daidai ƙarƙashin na farkon. Na biyar yana gida na uku. In yana sama, layin sama ya cika uku. In ya sauko taku ɗaya, layin ƙasa ya cika uku. Ya hau, ci. Ya sauko, ci. Jeri na yau da kullum sai an buɗe shi da taku ɗaya, sannan a rufe da taku na biyu, kuma a tsakanin nan abokin wasa na da damar cusa ɗansa ya toshe. Doki ba ya ba da wannan numfashi. Ci goma ake bukata a mayar da 12 zuwa 2, kuma wanda ya hau doki ba tare da an tare shi ba, taku goma ya ishe shi.

To ai duk wanda ya taɓa shan kashi sau biyu ya san siffar doki, kuma ba wanda zai zuba ido a haɗa masa shi. Da ya ga biyu a kan biyu zai dasa tsakuwarsa a gida na uku. Nan ne wasan manya ke farawa. Tsakuwar da aka sa gadi ta zama fursuna: muddin ta gusa, doki ya tashi. Gwani ya san haka, don haka ba ya damuwa an toshe shi. Sai ya koma can wani lungu ya nemi ɗan ƙaramin ci guda ɗaya, wanda ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Da ya samu, sai ya ɗauke mai gadin. Wannan ne ya sa idan ka ga ƙwararre yana nazarin fili, ba ya tsayawa a kan "ina za a ci ni". Yana wucewa zuwa "in an ci ni, wane ɗa za a ɗauke, kuma me ke kwance a bayansa".

Ga wani shiri da ya fi doki wayo, don ba ya kama da komai. Ɗauki gida na uku a layi na uku, ɗaya daga cikin na tsakiyar nan. Mai kara ya dasa biyu a jere a hagunsa, biyu a jere a ƙarƙashinsa, ɗaya a samansa. Ba inda uku ta cika, doka ba ta hana ba. Mai tsakuwa ya farga, ya toshe tsakiyar. Ana cikin tafiya sai gwani ya saki gidan da ke dama da mai gadin, daidai inda in tsakuwar ta matsa za ta cika uku da 'yan'uwanta. Ci ne a ɓagas, 'yan kallo har sun fara gyaɗa kai. Mai tsakuwa ya lissafa: zan ci, kuma da cin nan zan ɗauke ɗaya daga cikin karan biyar in rushe shirin. Sai dai a gwada. In ya ɗauke ɗaya daga na hagu, na sama zai sauko ya cika jerin tsaye. In ya ɗauke ɗaya daga na ƙasa, na saman dai zai sauko ya cika jerin kwance. In ya ce to bari in ɗauke na saman kansa, wanda ke ƙarƙashin gidan zai hau ya cika na kwance. Ko wanne ya taɓa cikin biyar ɗin, ci na nan daram. Ya ci ɗaya, an rama nan take, tsakiyar fili kuma ta koma hannun mai kara. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Gwani in an miƙo masa irin wannan kyauta, kafin ya taɓa sai ya ɗauke kowane ɗa na abokin wasa a zuci, ɗaya bayan ɗaya, ya ga abin da zai rage. In ko ta ina ya bi ana ramawa, ya bar tsakuwarsa inda take, ko da 'yan kallo za su fasa kunnensa.

Akwai kuma tarkon da ba a ɗana shi da 'ya'ya, sai da haƙuri. A dara ba a cewa "na wuce". In layi ya zo kanka dole ka taka. A filin da gida shida kaɗai ke buɗe, mutum zai iya wayar gari 'ya'yansa takwas a kulle, uku suna gadi, ɗaya tak ke da wurin kai da kawo. Gwani yana ƙirga wannan: taku nawa na banza ya rage mini, nawa ya rage masa? In ya ga nasa sun fi, sai ya daina neman ci. Ya riƙa gusa ɗa guda a gefe, yana rage wa abokin wasa wurin motsi gida bayan gida, har a kai inda ba abin da zai iya motsi sai mai gadi. Mutum da hannunsa zai buɗe ƙofar da ya kwana yana tsaro. A ganina wannan ya fi kowane irin ci kyau, kuma shi ne 'yan kallo suka fi kasa ganewa, don a idonsu dattijo ya yi ta wasa da ɗa ɗaya kamar ya rasa abin yi.

Dokar nan ta huɗu ita ma makami ce. Biyu a jere, gida a buɗe, sannan ɗaya: in aka cika tsakanin, huɗu ne, ba ci. Gwani ba ya ɓata ɗansa wajen gadin irin wannan gida. Amma ba ya mantawa da shi, domin ranar da na huɗun nan ya gusa gefe kamar ba da wata manufa ba, gidan da ya mutu ya farfaɗo. Za ka ji saurayi ya ce, "Baba, ai wannan ba inda za shi." Dattijo ya ce, "Kai dai yaro, ba inda ya je ba, inda ya baro za ka duba."

Sha'anin gano tarko a wasa ya daɗe yana ba wasu mutane can nesa ciwon kai, kuma labarinsu na ƙara fito da darajar abin da ke gindin bishiyarmu. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. A teburi ake yin sa. Mutum ɗaya ne alƙali kuma mai ba da labari, shi ke riƙe da taswirar wani kufai ko kogo mai cike da dodanni da dukiya, sauran kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda yana faɗin abin da zai yi. Kamar tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da bakin cewa Gizo ya bi dama ko hagu. Inda aka yi shakkar ko abu zai yiwu, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo. A wannan wasa tarko a ɓoye yake, yana cikin takardar alƙali: rami a rufe, kibiya a bango, allura mai dafi a jikin kwaɗon akwati.

A dokokin farko, wanda ya bi ta kan tarko ana jefa masa ƙwaya mai fuska shida, in 1 ko 2 ta fito ya faɗa. Hakan ya sa 'yan wasa suka koma tafiya da sanda mai tsawon ƙafa goma suna ƙwanƙwasa ƙasa. A 1975 aka ƙaro matsayin ɓarawo, wanda sana'arsa ke nan, kuma a littafin 'yan wasa na 1978 sabon ɓarawo yana da damar kashi 20 cikin 100 ta gano tarko ko kwance shi. A shekarar ce kuma aka buga Tomb of Horrors, kabarin da Gygax ya cika da tarkuna har ya yi suna wajen hallaka jarumai. Daga nan matsala ta fito fili. In tarko ba shi da alama, mai hankali zai bincika kowane taku, dare ya ƙare ba a wuce zaure ba. In kuma ƙwaya ce kaɗai ke yanke hukunci, to basirar mutumin da ke zaune a teburin ba ta da aiki. Bugu na uku, na shekarar 2000, ya mayar da komai kan ƙwaya mai fuska 20: ka jefa, ka haɗa da makin ƙwarewarka, in ya kai adadin da aka ƙayyade ka gani. Bugu na huɗu a 2008 ya kawo wani maki na dindindin, goma a haɗa da ƙwarewar lura, wanda alƙali ke dubawa a asirce ba tare da an jefa komai ba, kuma na 2014 ya ci gaba da shi. A 2008 ɗin dai wani marubuci, Matt Finch, ya fitar da ɗan littafi yana kiran a koma tsohon yayi, ɗan wasa ya faɗi da bakinsa inda zai duba da yadda zai duba.

Alƙalan da suka ƙware a wasan, in ka lura da yadda suke yi, wuri ɗaya suka tsaya. Ba sa ɗana tarko ba alama. Za su ce ƙura ta rufe ko'ina a daɓen nan ban da dutse ɗaya, ko su ce akwai ƙasusuwan ɓera jibge a bakin wata ƙofa. Wanda ya saurara ya yi tambaya, ya tsira ba tare da an jefa ƙwaya ba. Ƙwaya sai inda akwai gaggawa ko haɗari na gaske, kuma sau ɗaya, ba a yi ta maimaitawa har sai an dace ba. Wato bayan shekara hamsin ana gyara dokoki, sun gano cewa tarkon da ke da daɗi shi ne wanda in ka faɗa za ka dafe kai ka ce ai na gan shi. Dara tun asali a kan wannan aka gina ta. Ba ta da alƙali mai ɓoye takarda, ba ta da ƙwayar da za a ɗora wa laifi. In an ci ka, idonka ne.

Ba ƙasar Kano kaɗai ke da ita ba. Zabarmawa a Nijar suna kiranta dili, a Mali da Burkina Faso ana ce mata wali. Baturen Ingila R. C. Bell ya sa ta a littafinsa na wasannin duniya na 1960, a matsayin wasan Dakarkari na ƙasar Zuru, kuma ta wannan hanya mutane da yawa a Turai suka fara jin sunanta. Su ma Turawan suna da 'yar'uwarta mai 'ya'ya tara-tara a kan gurabe 24, wadda ita ma ke da shiri irin na doki. Bambancin shi ne a tasu an zana layukan da ake ci a kansu, 16 ne ba ƙari. A tamu fili a shimfiɗe yake, jeri 38 na iya fitowa ta ko'ina, ga kuma dokar huɗu da ke mayar da ɗanka ya zama cikas gare ka.

Na san akwai malaman da ba sa son ganin ana dara, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: wanda ya bari aka kira salla yana tsugune a kan ramuka, ko ya sa kuɗi wasa ya koma caca, ko ya bar iyali ba cefane, shi ya ja wa kansa. Dara ta ci gida, in ji masu magana. Amma wannan laifin mai zama ne. Abin da wasan ke koyarwa, wato ka duba ƙofar da ka bari kafin ka yi murnar wadda ka shiga, ka kuma yi zargin ribar da ta zo da sauƙi, shi ne abin da dillalin hatsi a kasuwar Darki da mai sayen shanu a karar Wudil ranar Juma'a suke rayuwa da shi.

Abin da ke damuna shi ne yawancin masu wannan ido furfura ta kama su, samari kuma sun koma ludo da kati da waya. Dokokin ma ba a rubuce suke ba, kuma sun bambanta daga gari zuwa gari. Wasu ba sa yarda a ci ɗan da ke cikin jerin uku da ya riga ya tsaya, wasu suna yarda. Wasu sun hana jera huɗu sam, wasu sun ce a jera amma ba ci. Akwai masu faɗaɗa fili zuwa layi 6 gida 7. Shi ya sa baƙo mai hankali yake tambayar yadda ake yi a garin kafin ya dasa ɗan farko. Nijar ta nuna abin da tsari ke yi wa wasan gargajiya: tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tahoua, kokawa ta zama abin da ƙasar gaba ɗaya ke tsayawa kallo. Dara ba ta bukatar ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ɗawainiya, filinta ƙasa ce, kayanta kara da tsakuwa.

Ina kira ga ƙungiyoyin matasan Darki da malaman makarantun ƙaramar hukumar Wudil, su zauna da dattawan da suka iya, su rubuta dokokin yadda ake buga ta a nan, su zana shirye-shiryen tarkon da sunayen da tsofaffi ke kiransu da su, sannan a sa gasa tsakanin unguwanni a ranin bana.